Allurar da Yayata ta ajiye wa Walƙiya

Yayata shara take yi a asibiti, ɗakin maza, tun kafin ta yi aure take can, ita ce wanke ƙasa ita ce canza zanin gado ita ce kwashe kwandon shara. Ni a gidanta nake zaune ina riƙe mata yarinyarta, 'Yar Lukuta muke ce mata saboda kumatu. Yaya in ta dawo aiki ba ta taɓa kowa, yarinyar tana kuka tana miƙa hannu amma sai ta cire kayan aikin a bakin ƙofa ta jiƙa su a bokitinsu daban, ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, sannan ta ce miƙo min ita. Mijinta direba ne, yana tsokanarta wai ya auri famfo. Ta ce gara famfo da ka kwanta a gadon da nake sharewa.

To akwai wani nas a ɗakin nasu, Walƙiya suke ce masa don saurin allura, kafin ka ce wash ya wuce gado na gaba. Akwai akwatin kwali rawaya da ake jefa allurar da aka gama da ita, yana can bakin ƙofa, shi kuma ƙiwa ba ta barinsa ya taka, in ya gama sai ya soka allurar a gefen katifa wai zai dawo ya kwashe. Wani lokaci ya dawo wani lokaci ya manta. Yaya ta yi masa magana ta gaji.

Ran nan tana tura zani ƙarƙashin katifa ta damƙi gefen, tsinin wata allura ya huda safar hannun ya shige mata tafi. Ta ruga famfo ta wanke da sabulu, ta je ta faɗa wa babbar nas. Aka ce allurar wa ce, ba wanda ya sani, gadon mutane da yawa sun kwanta a kai an sallame su, babu wanda za a kira a gwada. Aka kira Walƙiya ya ce shi bai san zancen ba. Da suka fito ya kalli hannunta ya ce haba mai shara, ai ɗan tsini ne, kamar cizon sauro, ke ma da raki. Yaya ta ce na ji Malam.

Likita ya ɗora ta a kan maganin rigakafi na wata guda, ya ce ta dakatar da ba yarinya nono har a tabbatar jininta lafiya. Wallahi abin da muka gani a gidan nan. Maganin ya dinga sa ta amai da jiri, nono ya cika ya yi tauri tana matsewa tana zubarwa a makwarara tana hawaye, 'Yar Lukuta tana jan rigarta tana ihu, ni ina bin ta da madarar gwangwani a kofi tana turewa. Kumatun nan duk suka zube. Mijin ya daina tsokana, ya koma zaman bakin ƙofa. Ni na ce Yaya ki bar ni in je in fasa wa Walƙiya gilashin baburinsa. Ta ce zauna Auta, babur bai yi min komai ba.

Watanni aka yi ana gwaji ana sakewa, jinin ya fito lafiya, alhamdulillahi. Ranar ta dawo ta wanke hannu ta ɗauki yarinyar ta sa mata nono, yarinyar ta kalle shi ta kau da kai ta nuna kofi. Ruwan ma ya riga ya ƙafe. Yaya ta mayar da riga, amma ni na ga idonta.

Shi kuwa Walƙiya bai daina ba, tana ganinsa yana sokawa tana bi tana zarewa da almakashin riƙe abu tana jefawa a akwati, don kar ta soki wata. Kuma akwai wata tsohuwar katifa a ɗakin ajiye kaya, in rana ta yi an gama zagayen likita nan yake zuwa ya baje ya yi barci, ba mai hawanta sai shi. Yaya ta samu sabuwar allura fil a ledarta wadda ba ta taɓa jikin kowa ba, ta ɓare ta soka ta ƙasan katifar tsinin yana kallon sama, ta je tana goge ƙasa kusa da ƙofar don kar wani ya shiga. Ya zo ya faɗa a kai da ɗuwawu.

Ta ce min ya fito riƙe da wando yana cewa wa ya sa allura a nan, babbar nas ta ce to wa ke sa allura a katifa a ɗakin nan in ba kai ba. Ya ce shi bai tuna ba. Ta ce ai kullum ba ka tunawa. Ya tsaya yana lissafin marasa lafiyan da ya yi wa allura, har da mai ciwon hanta da ke gadon lungu, gumi yana zubo masa. Ya shiga bayi yana wanke wurin a famfo, marasa lafiya suna leƙe, wani tsoho mai karaya ya ce yau an yi wa mai allura allura, hannun wa ya fi sauƙi ɗana.

Shi ma aka ɗora shi a kan maganin. Ya rame, ya dinga fita da gudu yana amai a bayan ɗaki, an ce matarsa ta ware masa kofi da cokali. Na ce Yaya ba za ki faɗa masa sabuwa ce ba. Ta ce in ya shanye na wata guda, in ya zauna a bencin jiran sakamako ya ɗanɗana abin da na ɗanɗana, sai in yi tunani.

Ta same shi a bencin kuwa, ya haɗa kai da gwiwa. Ta tsaya da bokitinta ta ce sannu Malam, ɗaga ƙafa in goge. Ya ɗaga. Ya ce mai shara, haka kika ji. Ta ce haba Malam, ai ɗan tsini ne. Ta goge ƙarƙashinsa ta wuce.

Har yau ba ta faɗa masa ba. Yanzu akwatin rawaya a kan tirensa yake yawo da shi gado gado, har faɗa yake wa sababbin ma'aikata in sun ajiye allura a kan gado. Ni dai bai ishe ni ba, duk sanda na ga 'Yar Lukuta da kofinta sai in ji babur ɗin nan yana kirana. Jiya ma na sake faɗa, Yaya tana wanke hannu ta ce ke dai miƙo min ita.