Takardar Maraɗi

Shekarar da aka yi wasannin Olamfik a ƙasar Sin muna Guangzhou, a wani bene bayan titin Liuhua, ni da maigida da jaririna. 'Yata kuwa tana Kano wajen Inna, mahaifiyata. Ba ni na haife ta ba, yayata ce ta haife ta a Maraɗi, ta rasu ta bar ta tana shekara biyu. Bayan sadakar arba'in ubanta ya ɗora mini ita a cinya gaban liman. Muka je kotu a can aka yi mana takarda da Faransanci, mai hatimi biyu. Ban iya karanta ta ba, amma na naɗe ta a leda kamar gwal.

Sau uku maigida yana kai takardar nan ofis don a ba yarinyar biza. Ya ce abin da ke ciki riƙo ne, sunan ubanta na nan daram, su kuma 'yar cikinka suka sani, ko wadda doka ta mayar taka ɗungurungum. Ga shi shekarar an ƙara tsanani. Kullum amsar ɗaya ce, meyo, wato babu.

Ran da muka je ɗaukar wa jariri hoton fasfo na ga Turawa sun yi layi, kowace mace rungume da 'yar Sin da aka ba ta kwana uku da suka wuce. Yaran ko kallonsu ba sa son yi. Amma kowace da jakar takardu, kuma mai shagon ya ce mako mai zuwa za su tashi da su. Ni da na yi jinyar ƙyanda a kan tawa, na tsaya ina ƙirga hatiman wasu.

Wadda ta fi ci mini rai maƙwabciyata ce, wata Hajiya 'yar zangon Kumasi. Ita ma riƙo take, amma tata na gabanta tana yi mata kitso a ƙofa. Da na yi ta kewaye-kewaye don in ji yadda ta samo wa tata biza sai ta yi dariya.

"Ƙanwata, wa ya aike ki kotu? Takardar haihuwa ake yi, a sa sunan maigidanki, shi ke nan kin haifa."

Kwana biyu ban gaishe ta da kyau ba. A na uku na je kasuwar Shahe na sayo takalman nan na yara masu ƙara in an taka, ja, na ce wa maigida mu yi yadda Hajiya ta yi. Bai yi faɗa ba. Ya ce uban yarinya yana raye, in kira shi da bakina.

Na kira. Na yi ta bayanin biza da hatimi, ya bar ni na gama. Ina jin kukan awaki a bayansa.

"Innarta, na ba ki ita duka," ya ce. "Sunan ne kaɗai ya rage mini. In shi ma kina so, sai ki ɗauka."

Na ce masa a'a, layin ne ba kyau, gaisuwa kawai na kira.

Takalman sun yi wata huɗu a akwati. Da Inna ta aiko da awon ƙafar yarinyar da zare, na gwada, sun yi mata kaɗan. Na kai wa Hajiya ta ba tata. Kullum da safe sai in ji su suna sauka bene, ƙiƙ, ƙiƙ, har ƙasa, ni kuma in ƙara buɗe famfo don ƙarar ruwa ta rufe su.