Ranar da Muka Ci Waken Iri a Kalgo

Bayan na dawo gida daga jami'a, tun ba a yanke mana jiha daga Sakkwato ba, aka ɗora mini kula da rassa biyu na wata 'yar ƙungiyar sa kai, ɗaya a Gwandu, ɗaya a Kalgo. Ba na jin cancanta ce ta jawo haka. Ina zaton an lura ne ban iya cewa a'a ba. Aikinmu bai wuce neman irin shuka na da wanda ke shirin ɓacewa ba, mu raba wa manoma, mu kuma roƙe su kada su yar da takin gida. Muna da doka guda da kowa ke so: ranar taro ba a cin komai sai abin da gonakinmu suka bayar. Kowa ya kawo nasa, a haɗa a dafa.

Wani tsoho a Dodoru, wanda ƙarfin noma ya ƙare masa, ya ba ni wake a cikin tulu, cuɗe da toka. Ƙanana ne, masu ɗigo-ɗigo kamar ƙwan zabo, kuma a faɗarsa suna nuna ko damina ta ɗauke da wuri. 'Ya'yansa sun koma shuka farin wake na kasuwa.

"Wanga shi kaɗai ya rage, ɗana," in ji shi. "Ka kai ma waɗanda za su shuka shi."

Kwana uku ina duba tulun safe da yamma. Ana gobe taron Kalgo sai na ga bai dace in kai abu mai daraja haka cikin toka ba. Na tankaɗe shi, na goge da tsumma, na zuba a sabuwar ƙwarya na rufe da faifai. Na san toka na hana ƙwari, an koya mana. Abin da ban sani ba, ko kuwa na sani na manta, shi ne a gidan manomi toka ce ke gaya wa mata cewa wannan iri ne, ba na tukunya ba.

Shugaban reshen Kalgo, manomin shinkafa ne mai yawan raha, ya tarbe ni a zaure. Na miƙa masa ƙwaryar na ce a ajiye mini da kyau. Ya shiga da ita cikin gida, muka zauna taro.

Bayan azahar aka fito da shinkafa da wake, da man gyaɗa da yaji. Ban taɓa cin wake mai gardi irinsa ba. Na yi ƙari, har na tashi na yaba wa mutanen Kalgo, na ce da alama ƙasarsu ta fi tamu. Sannan na roƙi a fito da ƙwaryata.

Shugaban ya dubi akushin da ke gabana, ya dube ni.

"Malam, wace ƙwarya? Ai ga ta nan cikinka."

Zauren ya kece da dariya. Wani ya ce a kai ni gona a binne kafin ruwan farko, ko Allah zai sa in tsiro. Ni kuwa ina ta tunanin da wane baki zan koma Dodoru.

Muna cikin haka mahaifiyar shugaban ta leƙo daga bakin ƙofa, tana tambayar abin da ya sami baƙo. Da aka gaya mata, sai ta kwance bakin zanenta. Wake ne a ciki, bai fi cikin tafi biyu ba.

"Ubana na shuka irinai ina yarinya," ta ce. "Da na gane shi na ɗebe kahin su wanke. Kai ɗan boko, wa ka kai iri gidan mutane tsirara?"

Na ce, "Inna, kuskure ne, ina ganin."

"Kana gani? Ba ka tabbata ba?"

Ta ƙi ba ni duka. Ta ce wanda ya yi sau ɗaya zai iya ƙarawa, don haka rabi ita za ta shuka shi a bayan ɗakinta. Ban yi musu ba. Da hannunta ta ɗebo toka daga murhu ta cuɗa mini nawa rabin.

Sai da na yi mako ina shirya kalamai kafin na je wa tsohon Dodoru. Ya saurare ni har ƙarshe, ya tambayi ko mutum nawa suka ci. Na ce za mu kai ashirin, wataƙila da ɗoriya.

"Sun ji daɗinai?"

Na ce har an suɗe akushi.

"To, yanzu za su neme shi," ya ce.

Da kaka ta yi, Inna ta samu abin da ya cika tulu ɗaya, ni kuma a Gwandu na samu rabin haka, mai yiwuwa don na cika tona ramukan ina duba ko ya tsiro. Cikin waɗanda suka ci a zauren nan, tara ne suka zo neman iri.