Muryar Tsohuwar Da Na Kwaikwaya

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. Na sha fara rubuta wannan labari ina gogewa, yau dai na daure. Ba zan kama sunan kowa ba, don waɗanda abin ya shafa suna nan, muna haɗuwa a kasuwa.

A lokacin na gama sakandare ban samu ci gaba ba, sai nake zama a shagon yayana a Hunkuyi, shagon cajin waya da turin waƙoƙi. Ni ne a kan kwamfuta. Mutum zai miƙo waya ko memori ya ce a zuba masa sababbi, in zuba. A nan son kiɗa ya kama ni, ba kamun wasa ba. Babu wanda ya koya mini komai. Na fara da hip-hop ɗin yaranmu na Arewa, na zarce na waje, har na kai ga masu kaɗa jita suna ihu kamar an taka musu ƙafa, da kiɗan na'ura zalla wanda ko murya babu, wanda Yaya ke cewa injin niƙa ne ya samu matsala. Sai na gano a waje akwai waɗanda aikinsu ke nan, su saurari sabon albam su zauna gaban kyamara su yanke masa hukunci. Na ce wallahi ni ma zan iya, kuma da Hausa. Na buɗe shafi na fara. Ban daɗe ba na lura in na yaba wa albam ba mai kulawa, in kuwa na caccake shi sai ka ga ana ta turawa. Sai bakina ya ƙara kaifi.

Akwai wata ɗabi'a ta masu turi da ya kamata ku sani. Mai turi ba ya jin waƙa har ƙarshe. Mutane na tsaye suna jira, sai ka danna ka ji farkonta, ka tsallaka tsakiya ka ɗan ji, ka wuce ta gaba. Ɗanɗano muke ce masa. Da wannan kunnen nake sharhi, ina ji da kaina.

Rannan wani mawaƙi daga wajen Makarfi, ɗan gidan manoman rake, ya fitar da albam ɗinsa na farko. Kamar yadda ƙananan mawaƙa ke yi, da kansa ya zaga shagunan turi yana bayarwa kyauta. Ya zo namu da abokansa a kan babura, dogo ne marar yawan magana, ya gaida Yaya da ladabi, ya ce a taimaka a tura wa jama'a, har ya ajiye mana mazarƙwaila. Suna tafiya na yi wa albam ɗin ɗanɗano. Wata waƙa a ciki ta fara da muryar tsohuwa tana rera wani abu, muryar na rawa, ga ƙarar taɓarya, ga kukan kaji, ɗaukar duk ba ta fita ba. Na fashe da dariya na wuce. Da la'asar na jingina waya na yi bidiyo. Na ce kiɗan aro ne, na ce baitocin ba gishiri, sannan na toshe hanci na kwaikwayi tsohuwar, na ce wannan asibiti ya kamata a kai ta ba situdiyo ba. Ina faɗa ina tauna mazarƙwailar da ya kawo.

Bidiyon ya yaɗu fiye da duk wanda na taɓa yi. Ina cikin murna wani ɗan acaɓa da ke caji a wurinmu ya shigo, ko gaisuwa babu, ya tambaye ni ko na san wace ce tsohuwar. Na ce ina zan sani. Ya ce mahaifiyar mawaƙin ce, ta rasu da damina. Ƙanwarsa ce ta ɗauke ta a waya tana daka tana waƙa ba ta sani ba, kuma muryarta ke nan da ta rage musu a duniya. Ya ce ai a cikin waƙar ma ya faɗa. Nan take na goge bidiyon, amma ina, ya riga ya shiga wayoyin mutane, har wasu masu turin suna zuba shi tare da albam ɗin.

Daga nan kira ya fara shigowa da lambobin da ban sani ba. In na ɗauka sai shiru, sai numfashi, a kashe. Wani ya turo mini hoton ƙofar shagonmu, bai rubuta komai ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali, lokacin saran rake ne, kusan kowane babur da zai wuce akwai adda ɗaure a bayansa cikin buhu. Ban san wane ne mai zuwa gona ba, wane ne mai zuwa wurina. Babur ya rage gudu a gaban shago sai in laɓe bayan kwamfuta. Wasu samari suka fara zama wurin mai shayin da ke tsallaken titi, ba sa shan komai, shagon kawai suke kallo. Ga yara a layi sun ɗauki abin wasa, su toshe hanci su yi ta rerawa yadda na yi.

Yaya ya ce in bar garin tukuna, na tafi wurin gwaggona a Ikara. A cikin motar ma ban tsira ba. Wanda ke kusa da ni ya kunna waya, sai ga muryata tana kwaikwayon matar. Wani dattijo a gaba ya ce duk ɗan da ya yi wa uwar wani haka, in an karya shi kada a kai ƙara. Mota ta ɗauka, kowa na tofa albarkacin bakinsa. Na ja hula na rufe fuska, na kifa kai a gwiwa kamar mai barci, ina addu'a kada mai wayar ya dubi allon ya dube ni. A gidan Gwaggo ko zaure ban iya leƙawa ba. Abinci ya ƙi shiga, har ta fara jiƙa mini magani tana cewa ciwon shawara ne.

Sai Yaya ya kira. Ya ce samarin sun tsallako sun zauna a bencin shago, ba su zagi kowa ba, ba su taɓa komai ba, amma babu wanda ya ƙara shigowa caji, dole ya rufe. Ya ce in dawo, gudu ba zai kashe maganar ba, ya gaya wa Kawu, ƙanen mahaifinmu, kuma Kawu ya ce yaro ba ya zuwa ba da haƙuri shi kaɗai, ba kuma wurin mawaƙin za a je ba, wurin mahaifinsa za a je. Na ce Yaya kashe ni za su yi. Ya ce in ma dukan ne, gara a yi shi a gaban manya da a tare ni a hanyar gona.

Haka na dawo. Washegari da hantsi muka isa ƙauyensu mawaƙin, Kawu riƙe da ƙullin goro. Samarin na gindin bishiya a ƙofar gidan suna fere rake da wuƙaƙe. Ɗaya ya ce a matsa wa malam mai sharhi, a kawo masa kyamara. Babu wanda ya yi dariya. Na bi ta tsakaninsu ina jin bayana kamar ba nawa ba. A zaure na durƙusa nesa da tabarma. Kawu ya gaida mahaifin, suka daɗe suna gaisawa, sannan ya yi masa ta'aziyya sabuwa fil kamar jiya aka yi rasuwar, ya ce ya kawo ɗansu, a yi masa duk abin da aka ga dama. Mawaƙin na tsaye jikin bango ya harɗe hannu. Tsohon ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, ka ji waƙar har ƙarshe?"

Na ce a'a, Baba.

Ya sa aka kawo sifika aka kunna. A karon farko na ji ta. Bayan muryar tsohuwar kiɗan ya shigo a hankali, an ɗora shi daidai kan bugun taɓaryarta, abin da in da na tsaya na ji da ni zan fara yabawa. A cikin waƙar yana ba da labarin yadda take tashi ta dama musu kunu kafin su tafi saran rake, da yadda ya dawo daga situdiyo a Zariya ya tarar har an kai ta. Tsohon ya sunkuyar da kai yana murza bakin tabarma. Da ta ƙare mawaƙin ya ce a bar albam ɗin ya tafi gaba ɗaya, ba tsallake. Muka zauna har ya ƙare, gwiwoyina sun mutu. Sannan ya tambaye ni yanzu me na gani. Na ce komai ya yi, babu gyara. Ya ce, "Ƙarya kake, tsoro ne. Da ba ka ji ba ka zaga, yanzu ka ji ka ƙi faɗa."

Na ce a wasu waƙoƙin kiɗan ya danne muryarsa, ba a jin baitin. Ya gyaɗa kai ya ce ya sani, da wannan na faɗa tun farko da har shago zai zo ya gode mini. Mahaifin ya ce ya yafe, ya leƙa waje ya gaya wa samarin duk wanda ya taɓa ni shi ya taɓa. Amma da mawaƙin ya rako mu bakin hanya, sai ya matso ya yi magana yadda Kawu ba zai ji ba. Ya ce shi ma ya yafe, sai dai in sani yaran layinsu har yanzu suna toshe hanci suna rerawa, ƙanwarsa ta goge muryar daga wayarta don ba ta iya ji, shi kuma duk sanda ya kunna muryar mahaifiyarsa, tawa yake ji a kanta.

Babu wanda ya taɓa ni har yau, Yaya ya buɗe shago, jama'a sun dawo. Amma na fi son a ce dukana suka yi da wannan maganar. Har yanzu ina sharhin albam, don son abin bai bar ni ba, kuma in abu bai yi ba ina faɗa. Sai dai ba na buɗe baki sai na ji shi tun daga farko har ƙarshe, in na ji abin da ban gane ba in tambaya. 'Yan'uwana matasa masu sharhi a waya, ku ji tsoron Allah ku ji waƙa har ƙarshe. Ku soki kiɗa, ku soki baiti, amma kada ku mai da muryar mutum abin dariya don a tura bidiyonku, ba ku san ko ta wace ce ba. Ni an yafe mini, bidiyona kuwa yana nan a memorin mutanen da ban sani ba, kuma duk ranar da wani ya kunna shi, na sake yi wa matar nan dariya ke nan a kabarinta.