Maigadin da Ya Koya Mini Neman x

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifiyata, yayana ya ɗauko ni daga Zariya ya kawo ni Agege. Shekaruna sha biyar a lokacin. Yayan nawa direban babbar mota ne a Ketu, sai ya yi kwana huɗu bai dawo ba. Ni kaɗai a ɗaki, sai ƙarar jirgin ƙasa. A makaranta ma haka, 'yan ajinmu suna hira da Yarbanci, ni ina gefe ina murmushin da ban san dalilinsa ba.

Wata Juma'a malamin lissafi ya ba mu aikin gida, tambayoyi goma irin masu x². Ya ce da ni musamman, in na kasa, aji ɗaya zai mayar da ni baya. Na san yayana ba zai yi faɗa ba, shiru zai yi, kuma shirun nan nake tsoro.

Ranar Asabar da la'asar na zauna a bakin ƙofa da littafina. Tambayar farko, x² − 5x + 6 = 0, na goge ta har takardar ta huje. Ban san ina kuka ba sai da dattijon da ke gadin gidan da ke kallon namu ya tsallako titi. Mutumin Maraɗi ne, gaisuwa kawai ke haɗa mu.

"'Yata, wa ya taɓa ki?"

Na ce, "Babu kowa, Baba. Lissafi ne."

Ya miƙo hannu. A raina na ce, me maigadi zai gane a nan? Allah ya yafe mini.

Ya daɗe yana duba shafin, sannan ya ce, "Mun yi wannan a lakwal, makarantar bokonmu ta can, da Faransanci. Nemo mini lambobi biyu, in kin ninka su, su ba da shida, in kin tara su, su ba da biyar."

Na yi ta ƙirga da yatsu kamar 'yar firamare. "Biyu da uku?"

"To, x ɗinki ke nan. Amsa biyu gare shi, ke kuma ɗaya kike ta nema. Mayar da kowace cikin tambayar ki gani ko za ta ba ki sifili."

Ta bayar. Bai yi mini ko ɗaya ba, tsayawa kawai ya yi har na gama huɗu, ogansa ya danna hon ya ruga ya buɗe ƙofa. Sauran shidan ni na ƙarasa ranar Lahadi.

Na ci takwas. Daga makaranta ko ɗaki ban shiga ba, na tsallaka da littafin a hannu. Wani na tarar a kan bencin da yake zama. Ya ce dattijon ya tafi gida, matarsa ba lafiya. Na koma ɗaki na buɗe shafin na ajiye a kan katifa, babu wanda zan nuna wa. Bai sake dawowa Agege ba.

Yau atamfa nake sayarwa a Iyana Ipaja, kuma babu mai ciniki da ya taɓa tambayata x. Amma duk ranar da wani abin farin ciki ya same ni, kafin in kira kowa, shi nake fara tunawa. Ko sunansa ban tambaya ba. In zan yi masa addu'a, sai dai in ce, "Allah, ka san wanda nake nufi."