Cukun Inna da Gwaten Maƙwabciya

Shekarar da sojoji suka sauka daga mulki, aikin mijina ya kawo mu Gyaɗi-Gyaɗi daga Damagaram. Kano na ta murnar mulkin farar hula, ni kuwa ina ƙarƙashin mulkin 'yata mai shekara biyu.

Tsorona ɗaya ne, kada ta girma ba ta san ɗanɗanon garinmu ba. Duk cukun da Inna ta aiko nakan daka shi cikin fura, ina ba yarinyar labarin duwatsun garinmu da yamma. Takan saurara da ladabi, sannan ta tofar. Daga nan sai ɗakin maƙwabciyata, wata malamar makaranta 'yar Filato, inda take suɗe kwanon gwaten acca.

Wata rana na je ɗauko ta da fushina, na tarar malamar ta yi tagumi, ɗanta ya ƙi gwaten.

Ta ce, "Maman Bebi, me kike zubawa a furar nan taki? Kullum ita yake wa kuka."

Tun ranar muke musayar kwano. Cukun Inna bai tafi a banza ba, sai dai ɗan Filato ne ya gaji ɗanɗanon Damagaram.