Shigeru Mai Awara da Jirgin Makaranta

"Ni dai makarantar kan tudun nan nake so, Baban Kotone," in ji Fumie, matar Shigeru. "Malamansu sun fi."

"Malaman ne za su canza mata jirgi? Yarinyar da ko takalmi a juye take sa shi!"

Shigeru mai awara ne a wata unguwa ta Osaka. Tun da aka fara zancen makarantar kuɗin da za a sa 'yarsu Kotone, ya kasa zaune ya kasa tsaye, har madarar wake ta kama masa a tukunya. Makarantar da nisa, kuma yaran can su kaɗai suke hawa jirgin ƙasa.

Ranar Asabar ya ba Kotone tikiti don gwaji, ya ja hula, ya bi ta daga nesa. Ta sauka inda ya kamata, ta canza jirgi, ko waiwaye ba ta yi ba. Wannan ɗin ne ya fi sosa masa rai.

Da suka dawo ya ce wa matarsa, "A kai ta can ɗin. Amma fa zan sake bin ta."

"Bi ta har jami'a, maigadi."

Ya sunkuci bokitin awara ya nufi shagon mai taliya.