Garaje da murfin tukunya

Kafin ungozoma ta iso aka haife ta, kuma tun daga ranar ba ta jira kowa ba. Shi ya sa gida da waje ake ce mata Garaje. Shayi da zafinsa take kurɓa, ta ƙona harshe ta hau kofi da faɗa. Maigidanta, bawan Allah, ya saba ya fara magana ta ƙarasa masa, ko da ba can ya nufa ba.

Ta daɗe a kamfanin man kwakwa, a ɗakin da ake goge kwakwar a busar. Amma idonta na ɗaki na gaba, kan wata tukunyar ƙarfe mai kauri. Ciki ake zuba busasshiyar kwakwa, a ɗaure murfi da notuna, famfo ya danna iskar kabon, irin wadda ke sa lemon kwalba kumfa. In ta matsu ta yi ɗumi, sai ta zama ita ba iska ba ita ba ruwa ba, ta ratsa kwakwar ta kwaso mai. A ƙaramar tukunya ta gaba a sassauta mata, man ya sauko garau, ba ƙauri ba hayaƙi. Wannan aikin Garaje take so har cikin ranta.

Dattijon da ke kula da tukunyar, wanda kowa ke kira Baba, ciwon gwiwa ya sa zai ajiye aiki. Ta tare shi a ƙofa.

"Baba, ni zan gaje ka."

"Ke? 'Yar nan, rabin aikin nan jira ne. In an gama, a hankali ake sakin iskar. Wani lokaci ta daskare ta toshe bututu, allurar agogon da ke auna ƙarfin iskar ta faɗi sifiri, alhali ciki a cike yake. Wanda ya kwance murfi a lokacin, sai dai wani ba shi ba."

Ta nace, ta koya, ta hana manaja sakat, har ya yarda a gwada ta yini guda. Baba zai zauna kallo, bakinsa alaikum. In ta kasa, ta koma goge kwakwa, kuma ba za a sake maganar ba.

Ranar komai ya tafi daidai. Mai ya sauko, ta saki iska sannu-sannu, allura ta kwanta. Sai ta ga bututun ya yi fari fat da ƙanƙara. A waje direban da ya zo kwasar dusar kwakwa yana ta danna ham. Manaja ya leƙo.

"Malama, allura ta sauka, buɗe mana."

"Ranka ya daɗe, sai ƙanƙarar nan ta narke."

Ita kanta ta yi mamakin bakinta. Ba abin da take so kamar ta ɗauki sifana ta kwance notuna. Ta ja kujera, ta zauna a kan tafukanta biyu don kada su ci amanarta. Direba ya gaji ya ja motarsa. Manaja ya yi tsaki ya tsaya a kanta. Ƙanƙara na ɗiga ɗis, ɗis, ita kuwa ta kasa kunne, tana jiran hucin iskar da za ta wanke ta a idonsa.

Shiru. Ko fus ba a ji ba. Da ƙanƙarar ta gama narkewa, ta kwance notuna ta ɗaga murfi, ba komai sai dusa fara. Kunya ta rufe ta, idonta ya cika da ƙwalla.

"Baba, ashe babu ita ciki. Na kori mota a banza."

"Yau babu. Gobe ma wataƙila babu," in ji shi. "Ni duk shekarun nan sau ɗaya na tarar da ita."

Ya ɗago hannunsa na hagu, mai guntayen yatsu. Ta sha ganin hannun, amma ba ta taɓa tsayawa ta tambaya ba. Da shi ya ɗauki sifanar ya danƙa mata, ya dubi manaja.

"Yallaɓai, a nemo wata motar gobe. Mai tukunya kam an samu."

Garaje ta share fuska da gefen ɗankwali, ta je ɗauko buhun kwakwa na gaba.